Tarwaɗa a Daron Tagulla

Jikata ce ta tono mini wannan zance, ita kuwa ba ta ma san ta tono ba. Kifi take kiwo a bayan gida, nan Titirou cikin Parakou, a wani kwarami na siminti da mijinta ya gina mata. Kwanakin baya kwaramin ya tsage ya kama yoyo, dole a kwashe kifin a ajiye su wani wuri kafin magini ya liƙe. Ina zaune a tabarma ina tsinkar zogale, ina kallonta ta gefen ido. Maƙwabci ya aiko mata da tano, wato duro, kamar sabo fil yana sheƙi, ta leƙa ciki ta sunsuna, ta ce a mayar masa da godiya, a ƙasar auduga ba ta yarda da tanon da ba ta san maganin ƙwarin da ya taɓa sha ba. Ta je ta jawo wata tsohuwar robar tara ruwa, duk gansakuka, ta kai ta inuwa. Ko ɗauraya ba ta yi mata ba. Ruwan kwaramin nan kore shar mai ƙarni ta ɗebo ta zuba, bai kai baki ba ta tsaya, ta saka kifin, ta yafa tsohon gidan sauro a kai ta ɗaure, ta kuma ja wa yara kunne kada wanda ya jefa musu ko ƙwayar abinci sai an mayar da su. Sannan ta juyo ta ce, "Tsohuwa, lafiya? Yau kin ga ƙazanta kin yi shiru." Na yi dariya, na tambaye ta kamar da wasa, to da daron tagulla aka samu fa, babba, aka goge shi tas? Ta ce ai tagulla guba ce ga kifi, ko maƙiyi ba zai yi musu haka ba. Na tattara zogalena na shige ɗaki, na ce rana ce ta dame ni.

Ni 'yar Djougou ce, aure ne ya kawo ni Parakou, tun tashar Gare tana Gare, jirgin ƙasan Kwatano yana shigowa da kukansa 'yan dako suna rububi. Gidanmu na can gidan goro ne tun kakanni, zuriyar fataken da suka bi hanyar Gwanja da jakuna har suka gaji suka zauna. Abin da kunnena ya fara sani a duniya shi ne ƙarar goro ana juye shi a tabarma, da kukan igiyar guga a bakin rijiyarmu wadda ba ta taɓa ƙafewa ba, da gyaran muryar Baba in ya shigo daga zaure don mata su gyara lulluɓi. Aikinmu mu 'yan mata shi ne tsince wanda tsutsar sankara ta ci, da yayyafa wa ganyen fita ruwa, da shimfiɗa shi a kwando, a zuba goro a naɗe a ɗaure huhu tamau yadda iska ba za ta samu ko kafar allura ba. Iska ita ce ajalin goro, haka aka koya mana tun ba mu iya ɗaurin zane ba. Saboda haka a gidanmu duk abin da muke ƙauna sai mu wanke shi, mu lulluɓe, mu ɗaure, mu kai shi ɗaki mai duhu. Yaran yanzu a leda suke ganin goro, ba su san wannan wahala ba, ni kuwa har yau hannuna yana tuna sanyin ganyen nan.

Amma ba goro ne ya ɗaga sunan gidanmu ba, ajiya ce. A wancan zamani mutum zai yi tafiyar wata da watanni, ya kawo akwatinsa ko buhun hatsinsa ko keken ɗinkin matarsa ya ajiye a wurin Baba, ba shaida ba komai, Baba ya ɗora hannu a kai ya ce ya karɓa, shi ke nan magana ta ƙare. Yau kuwa je ka Gare ka gani, mutum zai bar jaka a shago na ɗan lokaci, sai ya ɗauki hotonta da waya, ya sa kwaɗo, yana tafe yana waige. Baba ya sha gaya mana kayan ajiya suna gaban namu a komai. In damina ta yi rufi ya kama yoyo, kayanmu ake turawa ƙarƙashin yoyon a ja na mutane gefe. Kuma ana faɗa a gari, har a gabansa, cewa tun daga kakansa ba a taɓa ba gidan nan abu ya dawo da tabo ba. Yakan kawar da kai ya ce ikon Allah ne, amma mu da muke ciki mun san da wannan magana yake taƙama, fiye da rigunansa duka.

Cikin masu kawo mana ajiya akwai wani manomi daga Pélébina, ɗan ƙabilar Yom, ba ya salla, muna ce masa Mai Doya domin shi ke kawo mana doyar shekara. Dogo ne mai sanyin magana, da yaren Dendi suke hira da Baba, kuma tsakaninsu akwai shiri na gaske, tun uban Mai Doya yana da rai yana hulɗa da kakanmu. Wani rani mai tsanani, ana dab da faɗuwar ruwa amma sama ta ƙi, sai ga shi ya sauka daga kamiyo, babbar motar ɗaukar doya, da randuna biyu, an tallafe su da ciyawa, ana sauke su a hankali. Randunan tsofaffi ne, ɗaya har da liƙi a baki, jikinsu kore, ruwan ciki kamar kunun laka. Muka leƙa sai ga tarwaɗa, manya-manya baƙaƙe, suna ɗago gashin baki suna haɗiyar iska suna komawa. Ya yi wa Baba bayani. Ubansa ne ya haƙa wani tafki a ƙasan gonarsu ya zuba kifi, waɗannan su ne iyayen, ba a kama su, 'ya'yansu ake ci a sayar, da su yake rufa wa gidansa asiri in doya ta ƙare. Bana shanun makiyaya sun tattake bakin tafkin, laka ta cike shi, ruwan ya kusa ƙarewa. Shi da 'ya'yansa za su yashe shi su ƙara masa zurfi kafin damina, ga shi rijiyar ƙauye ko mutane ba ta isa. Ya tuna rijiyarmu, ya tuna gidan da ba a asara. Ya jera randunan da hannunsa a gindin durumin ƙofar gida, ya ce a bar su nan kawai, in ruwa ya ja baya a ɗan ƙara, da zarar ruwan sama ya taru a ramin zai zo ya ɗauka. Baba ya ɗora hannu a bakin randa ya ce ya karɓa.

Da ya tafi, Baba ya yi ta zagaya randunan nan hannu a baya. Ban manta ba, wani maƙwabcinmu mai tsokana ya zo wucewa ya ce ashe gidan goro ya koma gidan masunta, Allah ya sa albarka. Baba ya yi murmushi ya ce ajiya ce. Mutumin ya ce ajiya a titi, cikin awaki da kaji? Da wasa ya faɗa ya wuce abinsa, amma na ga fuskar Baba ta sauya. Ya shigo gida ya ce wa Inna a fito da daron kaka.

Daron nan sai wanda ya gani. Na tagulla ne, kakanmu ya taho da shi daga Gwanja, faɗinsa ya isa yaro ya kwanta, sai mata biyu suke ɗaga shi. Duk jaririn da aka haifa a gidan a ciki ake yi masa wankan suna, ni ma a ciki aka yi mini. Ba a fito da shi don baƙon banza. Ni ce babbar 'ya a gida lokacin, na isa aiki, don haka ni da Inna muka zauna muka dirje shi da toka da lemun tsami har na ga haƙorana a ciki, ina ta jin daɗi wai kifin ƙauye za su kwana a abin da ko hakiminsu bai taɓa gani ba. Aka kai shi ɗakin ajiya, can ƙurya cikin huhunan goro, ɗakin da ya fi ko'ina sanyi, ba taga. Aka ja ruwan rijiya garau aka zuba. Ruwan lakar nan da suka zo da shi Inna ta ce a kwarara a lambatu, wa zai ba baƙo irin wannan? Randunan ma aka wanke su ciki da waje aka kife a rana, don a mayar wa mai su da tsabta. Baba ya tsaya a ƙofa ya kalli kifin suna juyawa a cikin sheƙin daro, ya gyaɗa kai ya ce yanzu aka yi ajiya.

Daga nan sai hidima ta tashi. A gidanmu baƙo ba ya ganin gindin kwano, to haka aka yi wa kifin nan. Tuwo, dusa, ragowar sakwara, kayan cikin kaza in an yanka, duk ana kai musu, Inna har tana faɗa wai kada Mai Doya ya dawo ya tarar sun rame ya ce mun yi musu rowa. Ba su ci sosai ba, abincin ya riƙa kwantawa a ƙasa ruwan yana yin fari yana tsami. Sai in kwashe su a bokiti, in zubar, in sake dirje daron domin bakinsa ya fara yin kore, in sake jan sabon ruwa. Kullum haka. Kifin suka ƙi kwanciya, sai zagaye suke suna goga jiki a bango, wata safiya muka tarar da ɗaya ta yi tsalle ta faɗo tana jan ciki a tsakanin huhuna, jikinta duk ƙasa. Hankalin Baba ya tashi, ya ce saura kaɗan a yi abin kunya. Ya sa aka cika daron har baki don su wadata, aka shimfiɗa ganyen fita a kan ruwan, aka kifa babban faranti, aka yafa jiƙaƙƙen buhu, aka ɗora dutsen niƙa. Yadda muke yi wa goro mai tsada, haka muka yi musu, ba mu rage komai ba. Yinin ranar muna tsakar gida muna jin su suna dukan farantin daga ƙasa, kwam, kwam, Inna ta ce ka ji su, ƙoshi ne ya sa su wasa. Ba wanda ya kawo a ransa cewa iskar nan da muka ga suna ɗagowa suna haɗiya ita suke nema. Da gari ya waye ɗakin ya yi tsit, muka ce sun saba da gida.

Ni na ɗaga farantin. Ban yi ihu ba, na dai tsaya riƙe da shi har hannuna ya gaji. Dukansu sun juya ciki sama, fari fat, ganye ya manne musu. Da Baba ya shigo ya gani sai ya nemi wuri ya zauna a kan huhun goro, abin da in yaro ya yi sai ya sha duka. Kawu, ƙanen Baba, ya ja ƙofa ya rage murya ya ce abin bai kai nan ba, ranar kasuwa masunta suna kawo tarwaɗa da rai, a sayi manya a zuba a randunan, kifi ai duk kifi ne, wa ya san fuskarsu? Wallahi na ga Baba ya auna maganar, wannan kuwa ya fi mutuwar kifin tsorata ni. Can ya ɗago ya ce, "Ya ba ni na ubansa, in mayar masa da na kasuwa?" Kawu ya saki ƙofa ya fita. Inna ta ce to kada su ruɓe a banza, ta ɗauko wuƙa. Da ta farka cikin ta farko sai ga ƙwai cunkus, ta biyu ma haka, ta ci gaba da aiki tana share ido da bayan hannu. Ta yi musu banda a bayan ɗaki. Ƙarni da hayaƙi suka kama gidan, har goron shekarar nan sai da masu saye suka riƙa sunsunawa suna tambaya, Baba yana cewa ganyen bana ne.

Ba a jima ba ruwan farko ya sauka. Baba ya ce ba zai jira mutum ya biya kuɗin mota ya zo ɗaukar abin da babu ba. Ya sa rigarsa ta Juma'a, ya ce in ɗauko kwandon bandar in biyo shi, domin ni na ɗaga farantin, in an tambaya in faɗi abin da na gani. Muka hau kamiyo da randunan a kife. A hanya wata mata ta ji ƙamshi ta buɗe gefen kwandon ta ce kai, wannan kifi ya yi kyau, nawa-nawa? Na sunkuyar da kai kamar in nutse, Baba yana kallon daji.

A Pélébina yara suka ruga suka kira Mai Doya daga bakin aiki. Ya taho da sauri, laka har cinya, yana washe baki, ya zaci Baba ne ya hutar da shi ya kawo masa da kansa. Sai ya ga ɗan kamiyo ya sauke randa da hannu ɗaya. Ya rage tafiya. Duk da haka ya gaishe da Baba yadda ya saba, ya tambayi gida da goro, ya shige gaba ya kai mu har cikin ɗakin kwanansa, ya kakkaɓe tabarma ya shimfiɗa. Matarsa ta kawo ruwa a ƙwarya, ya karɓa ya miƙa wa Baba da hannu biyu, ya ce ya sha ba komai, sabuwa ce, bakin kowa bai taɓa ta ba, giya ma ba ta san ta ba. Baba ya sha. Sannan ya sauko daga tabarmar ya durƙusa a ƙasa da rigar Juma'arsa, abin da ban taɓa gani ya yi wa wani mahaluki ba, ya tura kwandon gaba ya ce ga ajiya, ta mutu a hannunsa. Ya shiga ba da labari, ruwan rijiya, abinci, daron kaka, ganye, ba don ya wanke kansa ba, amma ni da ke gefe na ji yadda maganar take fita kamar yana lissafa alheri. Mai Doya ya buɗe kwandon ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki babbar ya juya ta ya mayar.

"Cikin gida ka shigar da su?" ya tambaya.

Baba ya ce har ɗakin ajiya, can ƙurya.

Mai Doya ya gyaɗa kai, ba fushi a muryarsa ko kaɗan, ya ce, "To sun ga abin da ban gani ba. Tun ina bin ubana nake zuwa ƙofarka, ban san yadda cikin zaurenka yake ba. Da ka bar su inda kake barina, Maigida, da yanzu suna nan."

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba, sai dai in ce kunya, irin wadda take sa kunne ya yi zafi. Domin gaskiya ya faɗa, kuma ban taɓa lura ba sai a lokacin. A gindin durumi yake zama duk zuwan da yake yi, rana ko yayyafi. Akwai wani ƙoƙo mai tsaga da ke rataye a ƙusa a waje, nasa ne da irinsa, ni nake kai masa ruwa a ciki, in ya sha in ɗauraye in mayar a ƙusar, ba ya shiga cikin kwanukanmu. Ba wanda ya taɓa ce mini ga dalili, ni ma ban tambaya ba, haka na taso na gani. Ga mu yau zaune a ɗakin da yake kwana, mu da muka kashe masa gadon ubansa. Na saci kallon Baba, yana nan durƙushe a ƙasa.

Kafin mu tafi Mai Doya ya ce mu zo mu ga aikin, tunda mun zo. Sun yashe ramin ya yi zurfi ya yi kyau, sun kewaye shi da ƙaya saboda shanu, ruwan sama ja ya taru a ƙasa yana jira. 'Ya'yansa suna tsaye da shebur a hannu, suka gaishe mu suka kawar da kai. Ya sa aka ɗora mana doya a kamiyo, Baba ya ce a bari, Mai Doya ya ce ai baƙo ba ya komawa haka. Haka muka komo Djougou da doyarsa.

Yanzu durumin babu shi, an sare an yi shagon cajin waya a wurin, rijiyar an rufe ta da siminti, daron kuwa ban san hannun da ya faɗa ba bayan rabon gado, ban kuma nema ba. Jikokina suna cin abinci kwano ɗaya da abokansu na lakwal, makarantar boko, ba mai tambayar wane ne ke salla, in na ba su labarin ƙoƙon ƙusa sai su zaci ƙari nake yi. Mai Doya bai gaya wa kowa abin da ya faru ba. Har Baba ya koma ga Allah ana cewa gidanmu ba a taɓa asara ba, yana ji yana sunkuyar da kai, mutane suna cewa tawali'u ne.

A waccan shekarar ta kifin, da sabuwar doya ta fito Mai Doya ya zo kamar kullum. Tun da safe Baba ya sa aka share zaure, ya shimfiɗa buzunsa na kansa, ya ce in kawo ruwa a kofin da yake sha. Ya fita har waje ya kama hannunsa ya ce ya shigo. Mai Doya ya yi godiya sosai, ya ce nan ma ya isa, akwai iska, ya zauna a gindin durumi da buhun kayansa a tsakanin ƙafafu. Suka yi hira, suka yi dariya, aka sauke doya. Da ya miƙe zai shiga kasuwa na matsa na miƙa hannu in karɓi buhun in kai ɗakin ajiya, yadda ake yi duk zuwansa. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Bar shi, 'yata, ba nauyi." Ya saɓa shi a kafaɗa ya tafi, Baba yana tsaye a bakin zaure da kofin ruwa a hannu.